Fitilar Tsakar Gidan Hajiya: Yadda Wata Ɗaliba Ta Koyi Tsara Da'irar Lantarki Daga Tushe

Mahaifiyarmu ta faɗi a tsakar gida wata rana da asuba, za ta yin alwala. An ɗauke wuta tun dare, tocilanta na ɗaki a ƙarƙashin matashi, ita kuma ta ce gidan da ta shekara arba'in a cikinsa ba sai da fitila ba. Ta yi tuntuɓe da turmin da yara suka bari a hanya. Allah ya taƙaita, targaɗe ne ba karaya ba, amma sai da ta yi mako uku tana sallah a zaune.

'Yar ƙanwata ce ke zaune da ita. A lokacin ta gama sakandare, tana jiran a ba ta gurbin karatu. Da na je dubiya sai ta biyo ni zaure ta ce, "Kawu, ba za a iya haɗa fitilar da za ta kunna kanta in duhu ya yi ba, ta kashe kanta in gari ya waye?" Na ce ai ana sayarwa, gobe ma sai in kawo. Ta ce ta sani, ita so take ta haɗa da hannunta, kuma ta san dalilin kowane abu da ke ciki.

Sana'ata gyaran inbata da caja ce a nan Kano, kuma yara da dama sun bi ta hannuna. Akasarinsu sun iya cire abin da ya ƙone su sa sabo, wasu ma sun fi ni saurin hannu. Amma in ka ba su farar takarda ka ce su zana da'irar da za ta yi wani aiki, su zaɓi lambar kowane rasista, wato abin da ke takura hanyar wuta, da dalilinsa, sai ka ji shiru. Wannan giɓin ya daɗe yana damuna. Shi ya sa na rubuta yadda aikin yarinyar nan ya tafi, cikin kimanin wata uku, da kurakuransa duka, don a ga inda tsarawa take farawa a hannun wanda bai taɓa riƙe mita ba.

Inda ta fara

Abin da ta zo da shi bai wuce lissafin da ta haddace don jarrabawa ba. Ta san dokar Ohm, V = IR, amma ba ta taɓa ganin rasista da idonta ba. Kafin ma in dawo da kayan aiki, ta riga ta kwance wata tsohuwar fitilar caji da ta mutu a gidan, irin wadda ake sokawa kai tsaye a soket. Da na ga haka gabana ya faɗi. Irin waɗannan fitilu masu araha da yawansu ba su da tiransifoma. Kafasita ce kawai ke rage wutar bango mai bolt 230, wato babu katanga tsakanin allon da ke ciki da wutar da ke kisa, kuma kafasitar na iya riƙe caji bayan an zare filogi. A nan muka kafa doka ta farko, wadda ban taɓa sassautawa ba: ba ta taɓa wani abu da ke haɗe da wutar bango. Batir da cajar waya mai bolt 5, iyakarta ke nan.

Na kai ta Sabon Gari muka sayi mita ta dijital mai sauƙin kuɗi, da allon gwaji irin mai ramuka wanda ake soka ƙafafun kaya ba tare da dalma ba, da ƙunshin rasistoci, da ƙananan ƙwayayen fitila na LED ja da fari, da batir mai bolt 9. Sai littafin rubutu guda. Littafin nan ya fi komai muhimmanci a cikin kayan. Na raba mata kowane shafi gida uku: abin da nake tsammani, abin da na auna, dalilin bambanci. Sharaɗin shi ne ba ta ɗora mita a kan komai sai ta fara rubuta lambar da take jin za ta gani.

Ƙwai ɗaya

Ranar farko na bar ta ta haɗa jan LED kai tsaye da batir. Ya yi wani irin haske na ƙiftawar ido, ya mutu, ɗan warin roba ya tashi. Ta dube ni a tsorace. Na ce ta rubuta abin da ya faru, sannan na ja ta wajen tankin ruwan gidan. Tsawon inda tanki yake shi ne bolt, wato matsin da ke tura ruwa. Yawan ruwan da ke wucewa ta bututu a kowane daƙiƙa shi ne amfiya. Famfon da ka ɗan murɗe, ya takura hanya, shi ne rasista. LED kuwa ba ya da kai. In ya samu boltin da yake so, duk abin da aka turo masa zai haɗiye har ya ƙone.

Jan LED irin na milimita 5 yana cin wajen bolt 2, kuma ba a so abin da ke bi ta cikinsa ya wuce miliyamfiya 20, wato mA 20. Saura bolt 7 ke nan daga cikin 9, wanda dole wani ya ɗauke. Ta raba 7 da 0.02, wato mA 20 in an mayar da su amfiya, ta samu om 350, girman rasistan da take bukata. Ta bincike ƙunshin kaf babu mai 350, don ba kowace lamba ake ƙerawa ba. Akwai 330, akwai 390. Na tambaye ta wanne ya fi aminci, ta yi tunani ta ce babban, tunda shi zai fi takura hanya. Ta ɗauko mai zoben ruwan lemo da fari da ruwan ƙasa, launukan da ke nuna 390, ta rubuta tsammaninta: mA 18.

Kafin ta kai ga aunawa sai da ta kashe fis ɗin mitar. Ta juya ta zuwa ma'aunin amfiya, ta ɗora jan tsinke da baƙi a bakin batir kamar yadda ake auna bolt. A wannan yanayi mita kusan waya ce zalla, don haka gajeriyar hanya ta yi wa batirin. Duk wanda ya koyi aikin nan ya taɓa yin wannan. Bolt ana auna shi ne ta gefe, a ɗora tsinkaye a kai da kai. Amfiya kuwa sai an yanke hanya an sa mita a tsakiya, wuta ta ratsa ta cikinta. Muka canza fis, ta sake.

Mita ta nuna 16.6. Ta ce, "Kawu, lissafin bai yi ba." Na ce akwai sauran gida ɗaya a shafin. Ta yi kusan rabin awa tana jujjuya abu. Daga baya ta auna batirin yana cikin aiki, ta ga bolt 8.4 yake bayarwa ba 9 ba. Ta auna LED, 1.9. Ta sake lissafi: 6.5 a raba da 390, ya ba da 16.7. Ta ɗago kai, fuskarta ta canza. Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, wadda ta haddace don ta ci jarrabawa, ga ta a gabanta tana faɗa mata gaskiyar batirin da ke hannunta, har ta fi rubutun da ke jikinsa gaskiya. Gani ya kori ji. A ganina ranar ce ta fara zama mai tsarawa, ko da yake ƙwai ɗaya tak ta kunna.

Me ake so fitilar ta yi?

Mako biyu ta yi a kan rasistoci: a jere, a kafaɗa da kafaɗa, da yadda biyu a jere suke raba bolt tsakaninsu gwargwadon girmansu. Ba zan tsaya a nan ba, sai dai in ce wannan rabon shi ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya.

Sannan na hana ta zana komai sai ta rubuta buƙata da kalmomi. Ta je ta tambayi mai gidan. Hajiya ta ce, "Ke kishiya, ni dai in ga ƙasa daga ƙofar ɗakina zuwa makewayi, kuma kada ta kashe min ido." Daga wannan amsa ta fitar da sharuɗɗa: farin LED shida, haske matsakaici, ya kai daga magariba zuwa wayewar gari, wajen awa goma sha biyu, a yi caji da cajar waya duk lokacin da aka kawo wuta, babu makunnin da tsohuwa za ta lalubo a duhu.

Batir mai bolt 9 ba zai yi wannan aiki ba, don haka muka koma ga batirin litiyam da ake kira 18650. Sunan daga girmansa ne: faɗi milimita 18, tsawo 65. Yana cika a bolt 4.2, ya fi daɗewa a wajen 3.7, ana ɗaukarsa ya ƙare a wajen 3. Wani mai tebur ya so ya sayar mata da wanda aka rubuta wa mAh 9900, ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa. Ta ji sha'awa, na ce ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, sannan na ba ta wani na asali daga aljihuna. Na farkon kamar fanko. Na ƙwarai a wannan girma ba su cika wuce 3500 ba, duk abin da ya ninka haka rubutu ne kawai. Muka yi amfani da guda mai 2000 da na ciro daga batirin laftof na gwada lafiyarsa. Caji kuwa ban bari ta tsara da kanta ba. Litiyam in aka wuce da shi 4.2 yana iya kumbura ya kama da wuta, kuma fitilar a kusa da ɗakin tsohuwa za ta kwana. Muka sa ɗan allon nan na TP4056 mai kariya, wanda ke tsayar da caji a 4.2, yake kuma yanke wuta in batir ya yi ƙasa ƙwarai. Na gaya mata sanin abin da za ka saya a haɗe shi ma yana cikin tsarawa.

A wajen rasistan fararen LED ta yi kuskuren da na fi jin daɗinsa. Farin LED na cin wajen bolt 3.1. Tiransistan da zai zama makunni zai ci wajen 0.2. Ta ɗauki 3.7, ta cire waɗannan, saura 0.4, ta raba da 0.02, ta samu om 20, ta zaɓi 22. Lissafi daidai. Na ce to, ranar da aka cire shi daga caji fa? Ta sake: 4.2 a cire 3.3, saura 0.9, a raba da 22. Kusan mA 41, ninki biyu na abin da LED zai jure. Rabin bolt kacal ya ƙaru, amma wutar ta ninka, saboda ɗan abin da ya rage wa rasista ne ke yanke hukunci ba jimillar batir ba. Ta koma om 47, wanda zai ba da mA 19 a cike, ya sauko ƙasa da 10 in batir ya zauna a 3.7. Ta ce amma haske zai riƙa raguwa. Na ce haka ne, sai ta zaɓa: ko haske mai dusashewa, ko ƙwayaye masu mutuwa, ko ƙarin da'ira da ba ta kai gare ta ba tukuna. Ta zaɓi na farko, ta rubuta a gefen shafi cewa za ta dawo kansa. Kowane LED ta ba shi rasistansa, don in aka haɗa su a kan guda ɗaya, wanda boltinsa ya fi ƙasa kaɗan sai ya kwashe rabon 'yan uwansa.

Zanen da ta samo a intanet

Saura idon fitilar. Akwai wani ɗan abu mai kama da ƙwayar wake da zanen maciji a fuskarsa, LDR, wanda muke kira idon haske. Rasista ne da ke sauyawa: a haske ya sauko 'yan dubban om ko ƙasa da haka, a duhu ya haura dubu ɗaruruwa. Ta samo zane a wayarta, irin wanda ya cika ko'ina: rasista mai om dubu 100 daga fulos na batir zuwa bes na tiransista BC547, wato ƙafar da ke buɗe shi ko rufe shi, idon haske daga bes zuwa mainos. Da rana idon ya janye bes ƙasa, tiransista ya rufe. Da dare ya saki, bes ya kai wajen bolt 0.7, tiransista ya buɗe. Na ga matsalar tun a zanen, amma na yi shiru.

Ta haɗa, ta rufe idon da yatsa. LED shidan suka kama, amma kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ta canza tiransista, ta canza waya, ta zargi allon gwaji. Kwana biyu tana wannan. A rana ta uku na ce ta bar taɓa kaya ta koma littafi: nawa ne ke shiga bes? Bolt 3 a raba da dubu 100, miliyamfiya 0.03. Tiransista yana ninka abin da ya shiga bes ne, wannan irin wajen sau 300. Jimilla mA 9, a raba wa shida, kowa ɗaya da rabi. Zanen bai yi ƙarya ba. Mai shi LED ɗaya ya kunna don nuni, ita kuwa tana neman sama da mA 100.

Ta ce to a rage rasistan. Ta sa mai om 1000, haske ya fito sosai, ta yi murna. Sai fitila ta ƙi mutuwa, sai in an fitar da ita cikin tsakiyar rana, don yanzu sai idon ya sauko wajen om 200 kafin ya iya rinjayar rasistan. A nan ta gane da kanta cewa aiki biyu ta ɗora wa rasista ɗaya: shi ne ke ciyar da bes, shi ne kuma ke tsayar da iyakar duhu, kuma buƙatun biyu sun saɓa. Na kuma sa ta sauke takardar bayanin BC547 daga kamfanin da ya ƙera shi. Turancin ya yi mata nauyi, na nuna mata teburin farko kawai, inda ake jera iyakokin da ba a ƙetarewa. Kolekta, ƙafar da wutar LED ke bi: mA 100. LED ɗinta shida a cike suna jan 114. Ko da zanen ya yi aiki, da tiransistan sama da iyakarsa zai riƙa aiki.

Na san akwai masu cewa a bar mai koyo ya yi ta kwafar zane har hannunsa ya faɗa. Ban ƙi ba, ni ma da kwafa na fara a shagon maigidana. Amma kwafa ba ta koya maka komai sai ranar da ta gaza, kuma a ranar ma sai in akwai wanda zai hana ka jefar da zanen ka nemo wani. Yaran da ke shagona waya na hannunsu, zane dubu na jiransu, don haka ba sa zama da gazawa ko na awa ɗaya. Kwana ukun da ta yi tana fama da wannan da'ira mai kaya huɗu sun fi mata amfani a kan zane hamsin da suka yi aiki a karon farko.

Alƙali a tsakani

Maganin shi ne a raba ayyukan: wani ya yanke hukunci ko duhu ya yi, wani ya ɗauki nauyin wuta. Na ba ta aisi, wato 'yar da'ira da aka haɗa cikin ƙwaya ɗaya, mai ƙafa takwas, LM393. Aikinsa kamar alƙali ne mai sauraron ɓangare biyu: yana duba boltin ƙafa biyu, ya faɗi wanne ya fi. Yana kuma aiki da wuta ƙasa har bolt 2, don haka batir ɗaya ya ishe shi. A ƙafa ɗaya ta sa ma'auni tsayayye daga rasistoci biyu, dubu 100 a sama da dubu 47 a ƙasa, wanda ke ba da wajen kashi ɗaya cikin uku na batir. A ɗaya ƙafar ta sa idon haske da rasista mai murɗawa na dubu 100. Wani abin sha'awa da ita ta lura da shi kafin in faɗa: tunda ɓangarorin biyu daga batir ɗaya suke rabo, in batir ya sauka tare suke sauka, iyakar duhun ba ta gusawa.

Kafin ta soka ko waya ɗaya, ta gwada zanen a manhajar kwaikwayon da'ira ta Paul Falstad, wadda ke buɗewa kyauta a burauzar waya, tana nuna wuta na tafiya kamar jerin tururuwa. Ta taimaka mata ƙwarai wajen ganin inda wuta ke bi. Sai dai na gargaɗe ta cewa a cikin manhaja batir ba ya tsufa, ƙura ba ta sauka, waya ba ta kwancewa.

Da farko ta sa BC337, mai ɗaukar har mA 800, da rasista mai om 560 yana ciyar da bes ɗinsa. Ya yi aiki. Amma littafin ya sa ta saba da auna abin da ba a tambaye ta ba, sai ta auna abin da da'irar ke ci da rana, fitila a kashe. Kusan mA 7. Dalili kuwa, bakin LM393, wato ƙafar da yake fitar da hukuncinsa, ba ya turo wuta, janyewa ƙasa kawai yake yi. Don haka duk yini yana shanye abin da rasistan ke kawowa don ya hana shi isa bes. Awa goma sha biyu a haka, mAh 80 sun tafi a banza kullum. Na nuna mata ɗan uwansa BC327, wanda ke buɗewa in an ja bes ɗinsa ƙasa, a ɗora shi ta ɓangaren fulos. Ta musanya ƙafafun alƙalin biyu, ta ƙara rasista mai dubu 10 daga bakinsa zuwa fulos, ta sake aunawa. Cin rana ya faɗo ƙasa da mA 1.

Muka rataye shi a bango da yamma, har yanzu a kan allon gwaji, muka zauna a tabarma muna jira. Ana kiran sallar magariba fitila ta kama. Sai ta mutu. Sai ta kama. Ta shiga ƙiftawa kamar mai ciwon ido. Hajiya ta ce, "Wannan ai sai ta sa min jiri, a kashe ta." Yarinyar ta yi tsit, na ga idonta ya ciko. Na tafi masallaci na bar ta da ita.

Da na dawo ta riga ta gano rabi. Hasken fitilar yana dukan farin bango ya dawo kan idon, idon ya ce gari ya waye, alƙali ya kashe, duhu ya dawo, ya sake kunnawa. Ta yanke bututun baƙin biro ta zura idon a ciki, ta juya bakinsa sama. Ƙiftawar ta ragu ƙwarai, amma washegari ta sake dawowa na 'yan mintuna a daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Dalilin shi ne duhu ba ya zuwa farat ɗaya. Akwai lokacin da ƙafafun biyu suke kunnen doki, inuwar mai wucewa ko motsin ganyen darbejiya ya isa ya juya hukunci.

Na sake kai ta wajen tanki. Na'urar da ke kunna injin ruwa ba a layi ɗaya take kunnawa da kashewa ba. Sai ruwa ya yi ƙasa sosai take tayar da inji, sai kuma ya cika take tsayar da shi. Da layi ɗaya ne, da injin ya ƙone da tashi da tsayawa. Haka firji yake yi. A lantarki ana danganta wannan dabara da Otto Schmitt, Ba'amurke da ya fito da ita a 1934 yana ɗalibi, lokacin da yake nazarin yadda saƙo ke bi ta jijiyoyin wata dabbar teku. A da'irarmu rasista ɗaya ne ya yi aikin: mai om dubu 220, daga bakin alƙalin ya koma ƙafar ma'auni. In fitila na kashe yana ɗaga ma'aunin, in ta kama ya sauke shi. Na bar ta da lissafin, ya ci mata dare biyu, don rasistoci uku ne ke haɗuwa a wuri ɗaya. Ta fito da lambobi: a batir mai 3.7, fitila za ta kama in ƙafar idon ta haura bolt 1.5, ba kuma za ta mutu ba sai ta sauko wajen 1.03. Wato sai idon ya kai wajen om dubu 68 ta kunna, sai ya dawo ƙasa da dubu 39 ta kashe. Ta rubuta, sannan ta auna. Mita ta nuna 1.49 da 1.06. A gidan dalili ta rubuta cewa bakin alƙalin ba ya kaiwa sifili cif, kuma rasistocin masu zoben zinare ne, wato an yarda su kauce da kashi 5 cikin 100. Ban gyara mata ko kalma ɗaya ba.

A wannan magariba fitila ta kama sau ɗaya, ta tsaya.

Daga allon gwaji zuwa bango

Liƙa da dalma ya ɗauki mako guda. Ta mayar da komai kan allo mai layukan tagulla. Liƙinta na farko dunƙule-dunƙule ne marasa sheƙi, don tana narka dalmar a kan ƙarfen ne ta ɗiga, maimakon ta ɗumama ƙafar da tagullar tare ta bar dalma ta bi su. Wuri ɗaya ya yi ta yankewa in an taɓa allon, ta bi shi da mita layi-layi har ta kama shi. Aisin kuwa a kan mazauninsa muka ɗora shi, don kada zafi ya taɓa shi. Ta saka komai cikin robar abinci mai murfi, LED suna kallon ƙasa, bututun biron ya leƙo ta sama, ta toshe gefensa da gam.

Fitilar na rataye a ƙarƙashin rumfa tsakanin ɗakin Hajiya da makewayi. Da hunturu ya kankama sai ta fara kamawa tun bayan la'asar. Yarinyar ta hau kujera ta duba, ta tarar ƙura ta cika bututun. Ta busa, ta rufe bakinsa da ɗan farin leda mai gani-har-hanji, ta ɗan murɗa rasistan ta daidaita. In an yi kwana biyu babu wuta tana kaiwa, a dare na uku haske kan yi rauni sosai kafin asuba, wanda shi ne lokacin da aka fi bukatarsa. Wannan ita ce matsalar da ta rubuta a gefen shafi tun farko. Yanzu ta sami gurbin karatu, amma ta tafi da littafin. A hutun da ya wuce ta zo shago da zane biyu: ɗaya na da'irar da za ta riƙe amfiyar LED daidai ko batir ya sauka, ɗaya na ƙaramin faifan sola mai bolt 6 da zai riƙa ciyar da allon cajin. A na biyun ta ja layi ƙarƙashin wata lamba daga takardar TP4056, iyakar bolt 8 da yake ɗauka a mashigarsa, ta ce tana so in ara mata faifan ta auna abin da yake fitarwa da tsakar rana ba tare da an ɗora masa komai ba. A gidan farko na shafin ta riga ta rubuta 7.2.